Malamin da Ruwan Kainji Ya Cinye wa Darasi

Shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana, Malam Haliru, wanda ya koyar da adabin Turanci a tsohuwar Yelwa tun farkon samun 'yancin kai. Ni ma na zauna a ajinsa, kuma ban taɓa ganin ya buɗe ƙamus a gabanmu ba.

Idan muka ci karo da kalma mai tauri a littafi, sai ya ce mu tashi, mu shiga gari. Dilapidated rumbun Inna ne da ya karkace. Opulent soron wani Alhaji ne, attajirin kifi, a bakin kasuwa. Melancholy kuwa wata tsohuwa ce da ke wuni a mashaya tun da kogi ya ci ɗanta. Muna tafe muna tsokanarsa, wai ya mai da mu 'yan talla, amma a jarrabawa babu mai kamo ƙafarmu.

Sai aka gama madatsar Kainji, aka kwashe mu zuwa tudu, cikin gidaje iri ɗaya kamar an buga bulo. Gari ya nutse da duk abin da yake nunawa. Sababbin ɗalibai suka fara faɗuwa, hukumar makaranta ta gargaɗe shi ya koma ƙamus ko ya bar aji. Yayana akwai taurin kai. Ya ɗauki hayar kwalekwale ya kai su tsakiyar tafki, ni ke tuƙi.

"Wanga wuri soron Alhaji shike," in ji shi, yana nuna ƙasa.

Wata yarinya ta leƙa ta ce, "Malam, mu dai ruwa ɗai muka gani."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ran nan ba. Shekara ba ta zago ba aka mai da shi mai kula da ma'ajiyar alli da tsintsiya, kuma a can ya ƙare aikinsa.

Abin da ya saura nasa kaɗan ne: mu tsofaffi 'yan ƙalilan da har yau in mun ji kalma sai mu ga gida. Jikokinmu waya suke tambaya. Kwanan baya jikata ta karanto min ma'anar desolate daga waya, daidai kuwa, ko gezau ba ta yi ba. Da Malam yana raye, na san inda zai nufa: ƙofar makarantar kwanan da 'yan bindiga suka tarwatsa, ciyawa ta rufe tagogi. Sai dai ban san iyayen da za su ba shi 'ya'yansu ya kai ba.