Asabar Ɗin Inna Mai Tebur

Shekara talatin da ɗaya Inna Mai Tebur tana sayar da kayan miya a ƙofar gidanta. Da teburin nan ta yaye 'ya'ya biyar, ta aurar da su, ta binne miji ɗaya, wanda ko da ransa ƙafar teburin ta fi shi ɗaukar nauyi. Gwiwoyinta sun gaji, idonta ya fara hazo, amma hannunta bai taɓa miƙa wa mutum ruɓaɓɓen tumatir ba.

Sai aka buɗe kasuwar abinci a filin ajiye motoci na bayan layinsu, duk Asabar. Asabar kuwa ita ce ranar cinikinta. Sati uku tana zaune tana korar ƙudaje, matan da ta san cikinsu na fari suna wuce ta da kwanduna, suna gaishe ta da gefen baki. Autarta ta samu abin faɗa.

"Inna, ki naɗe teburin nan ki dawo wurina ki huta."

"In huta da goyon 'ya'yanki? Na gode, hutun ya fi ƙarfina."

A sati na huɗu ta rufe kayanta da buhu, ta ja ƙafa ta tafi ganin abin da ya kwashe mata mutane. Fararen rumfuna a jere, hayaƙin gashi, ga kiɗa kamar za a tashi matattu. Ko benci babu. Zagaye ɗaya ta yi ƙugunta ya ce ya isa, ta dafa teburin wata matashiya mai kayan lambu don ta numfasa.

Nan ta ga aika-aika. An jibge tumatir a roba mai zurfi, nunannu a ƙasa, rana na dukan na sama. Inna ba ta san lokacin da hannunta ya shiga ba. Ta ware masu taushi gefe, ta jera masu ƙarfi kai a ƙasa, ta janye ganye inuwa ta yayyafa masa ruwa.

"Mama, lafiya? Saya za ki yi?" in ji matashiyar.

"Ceto nake yi. Wa ya koya miki sana'a, mai facin taya?"

Sai ga matar tela, wadda ta shekara ashirin tana sayayya a wurin Inna.

"Inna, ashe nan kika dawo? Sati uku ina kai ruɓaɓɓu gida, maigidan har ya fara magana. Zaɓar mini."

"Teburina ƙaura ya yi da ba ki gan shi ba?"

"Yara ne ke janyo ni, wallahi."

"Ƙaramin naki ai gemu gare shi."

Ta dai zaɓa mata. Wata ta zo, wata ta biyo, duk fuskokin layinsu, kowacce ita ma yara ne suka janyo ta. Ciniki na matashiyar, ciwon baya na Inna.

Da mutane suka lafa, matashiyar ta matso. "Mama, sati mai zuwa ki kawo naki kayan mu raba rumfar. Ni sai na yanka nake gane na kirki."

Inna ta dubi rana, ta auna nisan gida da ido. Wato da furfurarta za ta fara turo kaya a baro, ta biyo mutanen da a da su ke biyo ta. Ta daɗe tana murza gwiwa.

"Ɓangaren inuwa nawa ne," ta ce. "Kuma ki zo da kujera mai jingina. Na yi tsayuwar da ta ishe ni."