Takardar Inna a Akwatin Zaɓe

Har yau in na ji ƙamshin shinkafar da ake turarawa, Inna nake tunawa. A jikin zanarmu take kafa tukunya, a ƙauyenmu na gefen Auyo, inda ruwa kan kewaye mu wata uku in damina ta yi ƙarfi. Bayan zanar akwai tsamiya. A ƙarƙashinta aka buɗe ajin yaƙi da jahilci, shekarar da ake ta zancen tafiyar Turawa.

Ajin na maza ne. Da la'asar malamin yakan koya musu baƙaƙe, sannan ya yi bayanin majalisa da wakili da ƙuri'a. Baba yana zuwa, amma da gajiyar kamun kifi a jikinsa, rabin karatun gyangyaɗi ne. Inna ce ba kalmar da ke wuce ta. Hannunta na juya shinkafa, kunnenta na jikin zana.

Tana da dalili. Daminar da ta gabata ƙanena ya cika a hannunta a bakin kogi, ana jiran kwalekwalenmu ɗaya tilo ya dawo daga ƙetare.

Ana nan sai Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Damagaram, ta zo ganin gida. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mana katinta na zaɓe.

"Mu can da ke ƙarƙashin Faransa har mata ta ba," in ji ta. "Sau biyu ina jefawa."

Inna ta ce, "Me aka koya muku a kai?"

"Koyo? Ke ma dai, matar yaya. An ce mu ɗauki takarda mai launi kaza, muka ɗauka."

Kawu, wan Inna, wanda ya yi shekaru a gonakin audugar Sudan kan hanyarsa ta Makka, ya yi dariya. Ya ce shi can ya ga malamai mata suna bi gida gida, ya ga manoma sun sa jami'i a tsakiya suna yi masa tambaya har yana share gumi. Sai Inna ta dubi Gwaggo ta ce, "Ke an ba ki, ba a koya miki ba. Ni na koya, ba a ba ni ba."

Da zaɓe ya matso ta zaunar da Baba. Ta ji malamin ya ce ta akwatin zaɓe buƙatar talaka ke isa ga hukuma.

"To Malam, rubuta," in ji ta.

Kwana uku yana fama da fensir. Layi biyu ne: a taimake mu da kwalekwale na biyu, wanda zai riƙa kwana a gefenmu. Ranar zaɓe ya naɗe takardar cikin ƙuri'arsa ya jefa.

Ina tare da shi a hanyar fadama ran da ya gaya wa malamin. Malamin ya tsaya cak.

"Wayyo, Malam. Ai ƙirgawa ake yi, ba karantawa ba. Ta bi shara."

Da muka rabu da shi Baba ya ce mini, "Kada innarki ta ji." Ban faɗa ba. Duk ranar kasuwa sai ta aike ni in tambayo ko an kawo saƙo daga Haɗeja. In je gindin tsamiya in tsaya kaɗan, in dawo in ce tukuna. Ta ce, "Manya aiki ya yi musu yawa. Za su karanta."

Da ruwa ya dawo tana da tsohon ciki. Haihuwar ta zo da gardama, aka ɗauke ta a kan ƙyaure zuwa bakin kogi. Kwalekwalen yana ƙetare. Baba da Kawu suka yi ta kira har muryarsu ta dishe.

Yanzu ruwan ba ya zuwa kamar dā, babur ma yana kaiwa har ƙofar gidanmu. Mata kuma mun daɗe da samun ƙuri'a, har a rediyo ana koya mana yadda ake dangwalawa. Ina zuwa duk zaɓe. Sai dai in na isa gaban akwatin nakan daɗe, har na bayana su fara tsaki. Ba su san Inna ta tafi tana jiran amsa ba, kuma ni ce nake ce mata tukuna.