Birkin Faranti a Keken Baba

Keken Baba ya girme ni. Baƙi ne, mai nauyi, ba shi da giya, kuma da shi yake kai albasa daga Gulma zuwa kasuwar Argungu tun ina yarinya. Damuwarsa ɗaya ce, birki. Robobi ne ke matse bakin ƙafar keken, idan lakar fadama ta shafe su sai su yi ta sulɓi. Wata damina ya gangaro da buhu a baya, ya matsa birki ya ƙi kamawa, ya zarce cikin gonar shinkafa. Gwiwa kawai ya gurje, amma ranar Inna ta kira ni a waya, ta ce keken nan zai kashe shi.

Lokacin ina aure a Birnin Kebbi, maigidana yana walda a ƙofar gidanmu a Nassarawa. Da na ba shi labari ya ce akwai birkin faranti irin na sababbin kekuna. Farantin ƙarfe ne da ake ɗaurawa a tsakiyar ƙafa, nesa da laka. Sai dai tsohon keke ba shi da wurin ɗaura abin da ke cizon farantin, dole a liƙa masa ƙaramin kunne na ƙarfe da walda.

Aka ce Baba ya aiko keken a mota. Ya aiko shi, amma ya biyo shi.

Kunyar surukai ta hana su haɗa ido. Baba ya zauna a benci yana fuskantar titi, maigidana ya durƙusa gaban keken, ni kuma ina bakin zaure da kwanon fura.

"Tambaye shi," in ji Baba, "wutar ga ba ta ƙone min keke?"

Maigidana yana jin sa sarai, amma sai da na maimaita.

"Ki ce wa Baba ƙarfen da ne, ya fi na yanzu kauri. Fenti kaɗai zai taɓu."

Haka suka wuni. Aka kwance ƙafar gaba, aka kai wa mai gyaran keke na bakin kasuwa ya sa mata sabuwar cibiya mai ramukan noti, ya sake ɗaure wayoyinta. Maigidana ya yanko ƙarfe, ya goge, ya gwada, ya sake gogewa. Da zai kunna walda ya naɗe jikin keken da jiƙaƙƙen tsumma. Na ga Baba ya saci kallon tsumman ya gyaɗa kai.

Da aka haɗa komai aka juya ƙafar, sai farantin ya riƙa gogar birkin yana ƙara. Kunnen ya ɗan karkace. Maigidana ya yi ta fama, hannu ɗaya a sifanar ɗaure noti, ɗaya yana neman riƙe keken. Ban san lokacin da Baba ya tashi ba. Na dai gan shi ya naɗe hannun riga, ya kama kan keken.

"Ɗan matsa shi nan wajena," ya ce, kai tsaye. "Yawwa. Ƙara kaɗan."

Suka haɗa kai a kan ƙafar suna sauraro har ƙarar ta ɗauke. Babu wanda ya neme ni. Na koma ciki na ɗora tukunya.

Bayan la'asar Baba ya hau gwaji. Maigidana ya roƙe shi ya taɓa birkin a hankali, amma hannun da ya shekara yana damƙa bai san hankali ba. Ya damƙe, keken ya tsaya cak, hularsa ta wuce gaba ita kaɗai. Ya dire ƙafafu, ya tsaya yana duban farantin, sai dariya ta kama shi har da tari.

"Ashe haka mutane ke tsayawa," ya ce.

Birkin baya kuwa ya hana a taɓa. Ya ce a bar wa keken abu ɗaya da ya saba da shi.

Da na je Gulma bayan girbi na tarar ya ware wa farantin ƙyalle na musamman, yana goge shi kowace safiya, ya kuma hana jikoki kusantar sa da hannun mai. Inna ta ja ni ɗaki tana ƙorafi, wai yanzu ko hadari ya haɗo ba ya fasa fita. Tana faɗa tana zuba wa maigidana busasshen kifi a leda, tana zaɓar manya.