Ranar da Matattu Suka Kawo Gudummawa

Akua Dufie ba ta gaji gona ba, ba ta gaji gida ba, murya kawai ta gada. Uwarta mai tallan bandar kifi ce a Tafo, cikin Kumasi ta ƙasar Gana, irin matan da idan suka kira ciniki a bakin tasha sai na cikin kasuwa ya waiwayo. Akua tana da shekara goma sha tara aka yi wata jana'iza a unguwarsu, mai shelar gudummawa ya sha ya yi tatul tun kafin azahar, sai wata gwaggonta ta tura ta gaban lasifika ta ce, "Ke da bakinki ba ya mutuwa, je ki yi mana amfani da shi." Daga ranar ba ta sake ɗaukar tiren kifi ba.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wannan aiki. Duk Asabar za ka gan ta cikin ja da baƙi a gefen teburin gudummawa, magatakarda yana karɓar kuɗi yana yanka rasit, ita tana shelanta sunan mai bayarwa da abin da ya bayar. Sai dai ba shela kawai take yi ba. Ta san wanda ke gaba da wane, ta san surukin da ke son a gan shi. Idan Alhassan mai siminti ya ba da sidi ɗari biyu, sai ta ja sunansa ta kambama shi har abokin hamayyarsa ya ji kujera ta yi masa zafi, ya tashi ya ajiye ɗari uku. Da wannan murya ta binne mijinta direban bas, da ita ta kai 'ya'yanta biyu makaranta. Kuma duk wanda aka yi wa rasuwa, ita yake fara nema: wa zai kawo rumfa, wa zai kawo kujeru, wa zai buga ɗan littafin nan na tarihin mamaci mai hotuna. Kujeru takan tura su wurin ƙawarta Abena Kyerewaa. Littafi kuwa sai maɗaba'ar Kwaku Bempah a Asafo, wanda kowa ke kira Boga, laƙabin 'yan ci-ranin Turai, saboda ya yi shekara tara a Jamus ya dawo da sarƙar wuya da takalmi mai tsini.

Sai maƙogwaro ya fara gajiya. Da farko ranar Lahadi ce kawai take tashi da shaƙewa, daga baya ta kai har Laraba. Likita ya leƙa ya ce mata ba wasa, idan ta ci gaba da ihun nan wata rana za ta buɗe baki ba abin da zai fito. Akua ba ta yi kuka ba, dabara ta yi. Za ta sayi firiza babba, ta riƙa sayar da ruwan leda da ƙanƙara a ƙofar gida, ta ajiye lasifika da mutuncinta. Ta tara sidi dubu ɗaya da ɗari uku, firizar kuwa dubu ɗaya da ɗari tara ce a shago.

Abena ce ta nuna mata abin a waya, suna zaune a rumfar kujeru.

"Akua, dubi nan. Gwanjon kwabo. Wata mata ta ɗauki firiza a kan sidi arba'in da biyu."

"Ke dai Abena, banza ba ta kai zomo kasuwa."

"To ga hotunan waɗanda suka ci can ƙasa, ni ban ce ki yarda da ni ba. Har a rediyo ana tallansa."

Akua ba ta tsaya kallon hotuna ba, firizar ta kalla. Tsarin mai sauƙi ne, kuma a sauƙin nan mugunta take. Kaya yana farawa daga sifili. Duk wanda ya taya, farashi ya hau da kwabo ɗaya tak, agogo kuma ya koma sakan goma. Wanda agogo ya ƙare a kan tayinsa shi ya ci. Abin da aka rubuta da ƙananan haruffa shi ne, kowane tayi sai ka saye shi sidi guda, kuma ko ka ci ko ka faɗi, wannan sidin ya tafi ke nan.

Abin haushi, duk Kumasi babu wanda ya kamata ya gane wannan tarko kamar Akua. Ita ce fa ta shekara talatin tana zuga mutane su zarce juna. Amma da ta ga agogo ya kai uku, biyu, sai wata wai ita Madam Grace ta faɗo ta taya, sai jininta ya hau. "Ni za ki gwada wa taurin kai?" Ta danna. Madam Grace ta danna. Tuwonta ya huce a kwano, ta danna. Da ɗari huɗu suka tafi sai ta ce ai yanzu ba ta isa ta bari ba, in ta bari ta yi asarar ɗari huɗu. Cikin sati biyu firiza uku suka wuce ta gaban idonta, kullum saura ƙiris, kuma kuɗin da ta tara bai rage ko na kati ba.

Ta kira lambar da ke shafin har ta haddace waƙar da ake sa mata. Ta aika saƙo, aka amsa da cewa ana taya ta fatan sa'a a gwanjo na gaba. Ta je wani ofishi kai ƙara, wani ma'aikaci mai taye a wuya ya juya wayar ya nuna mata inda ta danna cewa ta yarda da sharuɗɗa, ya ce, "Maame, ai ba wanda ya riƙe miki yatsa." Wannan magana ta fi asarar ƙona mata rai, domin gaskiya ce.

Ranar da ta buɗe shafin don ta ga fuskar matar da ta cinye ta, ta zage ta ko a zuci, ranar ce komai ya juya. Ga Madam Grace daga Takoradi, tana murmushi, da haƙorin zinare, da zanen kente mai ruwan ɗorawa, an manna hoton firiza a gefenta. Akua ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta, ta sake kawowa.

"Abena, zo ki gani. Wace ce wannan?"

"Madam Grace mana."

"Grace ɗin uwar wa? Afua Fofie ce ta Krofrom! Ni na yi shelar jana'izarta bara waccan. Wannan hoton ni na zaɓe shi da hannuna a cikin guda shida, na ce shi ya fi fito da haƙorin."

Akua tana da akwatin ƙarfe da take ajiye littafin duk jana'izar da ta yi. Suka zazzage shi a tsakar ɗaki, suka bi hotunan masu sa'a ɗaya bayan ɗaya. Cikin sha biyu, tara suna kwance a maƙabarta, har da wani tsohon malamin makaranta da ya ci babur shekara uku bayan an rufe shi. Kuma a bayan kowane littafi, a ƙasa, suna ɗaya ne: Maɗaba'ar Bempah, Asafo. Ashe babu wata Grace, babu mai tayawa, na'ura ce ke dannawa, hotunan kuwa ita Akua ce ta yi ta kai masa su da ƙafarta.

Abena ta ɗaura ɗankwali za ta tafi Asafo a yi ta ta ƙare. Akua ta riƙe mata zane.

"Zauna. In kin je yanzu ya goge komai kafin ki rufe baki. Gawar uwar Boga ba tana ajiye a firizar asibiti ba tun watan Janairu?"

"Tana can, wai sai ya shirya mata jana'izar da ba a taɓa gani ba."

"To kin ga inda kuɗina suka tafi. Ni ban samu firiza ba, amma ni ke biyan ta uwarsa. Bar shi ya shirya."

Ta sa aka buga mata shafukan a takarda tun kafin a taɓa su. Wata uku tana bin gidaje tara, ba ta ɗaga murya, sai dai ta ajiye littafin jana'iza a kan tebur ta ajiye takardar a gefensa, ta bar 'ya'yan mamaci su gani da idonsu. Wani ya tashi neman adda, ta ce ya adana ƙarfinsa zuwa Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar jana'izar uwar Boga. Ta bi coci-coci tana canjin kwabbai, irin jajayen nan da ko mai ruwan leda ba ya karɓa.

Boga da kansa ya zo ɗaukarta aiki, yana kaɗa makullin mota. Bai san tana cikin waɗanda ya yanka ba, domin da sunan ƙarya ta shiga.

"Maame Akua, an ce kin yi ritaya. Amma uwata ba za ta tafi da muryar wani ba."

"Haba Boga, ɗana, ko daga kabari ne ai na taso maka. Wannan jana'iza sai jikoki sun ba da labarinta."

Ya yi dariya ya ƙara mata sidi hamsin.

Ranar ta zo. Rumfa goma sha huɗu, makaɗa kashi biyu, hoton tsohuwa ya kai tsayin bene. Dangi sun jeru a gaba, kawun Boga, Nana Oduro, a tsakiya, shi ne babban gidan. Akua ta fara zuwa gaban hoton ta rusuna ta ce a hankali, "Maame, ki yafe ni, ke dokunun masara kika sayar da guminki, ba da ke nake ba." Sannan ta ɗauki lasifika ta yi wa tsohuwar kirarin da ya sa mata kuka na gaske. Ta shelanta manyan kuɗi, ta kambama masu su. Ta jira har la'asar, lokacin da babu kujerar da ba kowa a kai.

"Jama'a, a saurara. Maame Afua Fofie ta Krofrom ta aiko da gudummawa."

Makaɗa suka sassauta. Rabin wurin sun ci shinkafar jana'izar Afua Fofie.

"Eh, ita dai da kuka sani, wadda muka binne bara waccan. Ashe kasuwa ta buɗe mata a can. Watan huɗu ta ci firiza a gwanjon ɗanmu Boga, ga hotonta. Ta ce ba za ta manta alheri ba. Ta ba da kwabo ɗaya!"

Babban ɗan Afua Fofie ya taso, littafi a hannun dama, takarda a hagu, ya ɗaga su kowa ya gani, ya ajiye kwabo a tebur. Magatakarda ya rasa yadda zai yi, amma gudummawa gudummawa ce, ya yanka rasit. Kuma tunda an shelanta, dole masu makoki su tashi su yi godiya. Nana Oduro ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya kalli ɗan ƙanwarsa.

"Kwaku, tashi ka gode wa baƙo."

Boga ya tashi, gumi har cikin takalmi mai tsini. Yana miƙa hannu Akua ta fara ƙirga.

"Goma, tara, takwas, za a rufe, uku, biyu... Kai! Wani ya taya! Malam Osei Tawiah, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce, ya zo a kan sabon babur ɗinsa. Kwabo ɗaya! Agogo ya koma!"

Wuri ya ɓarke. Wasu na dariya har da riƙe ciki, wasu na tofar da yawu, mata na tafa hannu suna yi masa ihu. A kan mamaci na huɗu Boga ya ruga ya fizge wayar lasifika. Da ya san Akua da bai yi ba. Ta ajiye ƙarfen a tebur, ta hau kujerar Abena, ta buɗe maƙogwaron 'yar mai bandar kifi, har masu sayar da lemo a bakin titi suna jin kowane suna. Ta ji abu yana yagewa a wuyanta tun a na shida, ta ɗanɗani jini, ba ta tsaya ba. Ta kai na tara. Bayansu rayayyu suka yi layi, telan Bantama da nas da ɗan acaɓa da duk wanda shafin ya taɓa cinyewa, kowa da kwabonsa, kowa sai Boga ya gode masa. Na ƙarshe ita ce. Ta sauko ta ajiye nata, ta buɗe baki ta faɗi sunanta, iska kawai ta fito.

Da dangi suka zauna lissafi ranar Litinin, Nana Oduro bai bar Boga ya taɓa ko sisi na gudummawar ba. Rago tara aka kai gidaje tara na ban haƙuri, da kwalaben giya, aka biya waɗanda suka zo da shaida, motar ma sai da aka sayar. Shafin ya ɓace a daren Asabar ɗin. Maɗaba'ar ta ƙara wata biyar kafin ta rufe, domin babu wanda zai sake miƙa masa hoton uwarsa.

Firizar da Akua ta saya da kuɗin da aka mayar mata da ɗan ciko tana nan a ƙofar gidanta a Tafo, fara, tana gurnani. Ta rubuta farashi a kwali ta rataye, tunda ba ta iya kiran ciniki, magana ma sai ka kawo kunne kusa. Wata rana Abena ta kalle ta tana nuna wa mai saye yatsu biyu, sai hawaye ya zo mata.

"Akua, da kin bari a na huɗun nan, da yanzu kina da sauran murya. Ba kya nadama?"

Akua ta gyaɗa kai, alamar tana yi. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mata kwabo uku jajaye a ƙulle, ta jawo kunnen ƙawarta ta raɗa mata.

"Sha biyu ne a hoton. Har yau ban gano dangin ukun nan ba."