Babur ɗin Surukina

Ko na manta komai a aikin kanikanci, ba zan manta ranar da surukina, Alhaji Bukar, ya turo babur ɗinsa garejina a Haɗeja ba. Lokacin ambaliya ta janye, kowa na hanzarin dashen shinkafa. Tsohon babur ne, ya girmi matata, kuma shi ke kai Alhaji gonarsa ta fadama. 'Ya'yansa sun daɗe suna neman dalilin raba shi da shi, su zaunar da shi a gida.

Ya ce, "Malam Garba, giya ta ɗaya tana shiga, sauran sun ƙi."

Ku da kuke koyon aiki kun san ƙa'ida: a irin wannan babur, ta ɗaya takawa ake yi, sauran kuwa da kan ƙafa ake ɗago feda. Na duba wayar kuloci, na juye baƙin mai, na buɗe injin. Haƙoran giya garau, sifirin bai saki ba, ƙarfen da ke tura su bai lanƙwashe ba. Na ɗaure, na hau na zaga, kowace giya na shiga sumul.

To ni da son a yaba mini! Na dawo gaban 'yan zaman gareji, har da Alhaji da babban ɗansa Modu, na ɗaga murya: "Baba, babur lafiyarsa ƙalau. Hau ka gani!"

Ya hau, ya taka ta ɗaya. Da ya zo ɗago feda, sai ƙafarsa ta hagu ta tsaya tana rawa. Injin na kuka, ƙafa ta ƙi tashi, kowa na kallo. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da ko ido ba na haɗawa da shi, yau ni na tona masa asiri a bainar jama'a.

Modu ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi: "Fedar ce ba ta yi ba, Baba. A bar mini shi."

Na kai wa mai walda, muka ƙara mata ƙarfe ta baya, yadda dunduniya za ta taka giya ta hau. Washegari na kai masa gida da kaina, na durƙusa, na roƙe shi ya bari a duba ƙafar a asibiti.

Ya daɗe yana shafa sabon ƙarfen, sannan ya ce, "Ai na san ba giyar ba ce, ɗana. Na zo wurinka ne don na ɗauka kai za ka gane ba sai na faɗa ba."

Tun daga ranar, duk dattijon da ya kawo babur, kafin in taɓa sifana sai na ce ya hau mu zaga bayan gareji, daga ni sai shi.