Ƙararrawar Garin su Marjana

A dandalin maƙeran tagulla na birnin Fas ba a magana a hankali. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana dukan faranti da guduma, ko asiri zai gaya maka sai masu wanki a bakin kogi sun ji. Shi ya sa da kunnen Marjana ya fara nauyi ba wanda ya lura, har mijinta Faraji, wanda dama da ihu yake tambayar inda aka ajiye masa takalmi. Ita kaɗai ta sani, kuma ta tsorata. Ba maganar mutane take jin asarar rasawa ba, wannan ta ji har ta gundure ta. Akwai wani sauti guda da take jira tun tana yarinya, ga shi kunnen zai toshe bai zo ba.

Barumiya ake ce mata a unguwa, wato 'yar ƙasar Rum, ko da yake ta fi masu faɗin haka iya Larabcin garin, balle in aka zo wajen zagi. Daga hayin teku aka kawo ta, daga wani ƙauyen Nasara da ke kan iyaka, a wata shekara da rundunar Banu Marin, sarakunan ƙasar, ta ƙetara ta dawo da ganima. Haƙoranta na gaba ba su gama fitowa ba a lokacin. Abin da ta riƙe na tafiyar kaɗan ne: ƙishirwa, ƙafa mai jini, da amalanken shanu da take bin bayansa. A kan amalanken an ɗaure ƙararrawar cocin garinsu, an cusa mata tsummoki don kada ta yi ƙara a hanya. Tare suka hau jirgin ruwa, tare suka shigo ƙofar gari, a nan aka raba su. Yarinya aka kai ta kasuwa, ƙararrawa aka kai wa maƙera. Suka cire mata harshe, suka huhhuda jikinta, suka kewaye ta da zobban ɗora kofunan mai, aka rataye ta a babban masallaci ta zama fitila. Yarinyar kuma wani mai fataucin ulu ya saye ta ya sa mata suna Marjana.

A bakin kogi ta girma, tana wankin gashin tumaki a ruwan da ke datse yatsu da sanyi. Shekararta ta farko zazzaɓi ya kwantar da ita har aka fid da rai, da ta tashi kuwa sai ta tashi da rabin abin da ta zo da shi a ƙwaƙwalwa. Sauran rabin ma ya riƙa zubewa a hankali. Harshen garinsu ya tafi, fuskar uwarta ta dushe, daga ƙarshe har sunan da aka raɗa mata ya ɓace. Wani lokaci tana matse ulu sai ta ji kamar ga shi nan a bakinta, tana buɗe baki babu shi.

Abu biyu ne suka ƙi tafiya. Na farko, uwarta da ɗan kunne ɗaya take yawo, domin ranar da aka narka tagullar ƙararrawar matan gari kowace ta jefa abin adonta a ciki, ita kuma ta jefa ɗaya daga cikin na aurenta. Na biyu, kullum da faɗuwar rana in an kaɗa ƙararrawar, iyaye mata kan fito bakin ƙofa su kira yara gida. Marjana ta san an yi haka, ta san an kira ta, amma ba ta iya jin muryar, kuma ba ta san da me aka kira ta ba.

Kada wani ya ɗauka zuciyarta tana coci. Ta musulunta tun kafin ta balaga, kuma ba a taɓa kama ta da wasa da salla ko azumi ba, abin da ba zan iya rantsewa a kansa ba game da wasu 'ya'yan manyan garin nan. In watan azumi ya kama takan je sashen mata ta leƙa ta ramukan katangar katako. Daga can nesa take hango fitilar, an kunna kofunanta duka. Mata suna yaba haske, ita kuwa 'yar garinsu take gani an rufe mata baki.

Da ubangidanta ya rasu ya bar wasiyyar a 'yanta ta, sai ta auri Faraji. Shi daga kudu aka kawo shi, daga bayan hamada, cikin ayarin da ya biyo ta Sijilmasa, kuma ya fi ta ƙanƙanta ranar da aka ɗauko shi. Yana da tsagu uku a kowane kunci, bai kuma taɓa gamuwa da wanda ya iya gaya masa na wane gari ne ba. Mutum ne mai faɗin kafaɗa da tsoron hukuma. Yana ce mata Barumiya, tana ce masa tsohon nan tun ba shi da furfura ko ɗaya. Allah bai ba su haihuwa ba, suka zauna suna yi wa juna faɗa a kan gishirin miya, kuma ba wanda ya taɓa jin ɗaya ya kai ƙarar ɗaya.

Mutane sun ce don ƙarfinsa ta aure shi. Ni dai na san Faraji yana cikin maƙeran da ake kira masallaci duk watan Sha'aban, a sauke fitilu a goge su da toka da lemun tsami kafin azumi. Ƙa'idar aikin ita ce kowace fitila a ƙwanƙwasa ta da sandar katako, a saurara ko ta tsage. Ban da waɗanda asalinsu ƙararrawa ne. Su tun kafin su taɓa ƙasa ake naɗe su da bargo, wakilin masallaci yana tsaye a kai, don ba a yarda a ji ƙararrawa a garin Musulmi ba, balle a ɗakin Allah.

Sau ɗaya ta roƙe shi, suna sabon aure. Ta ce ya yi kamar hannunsa ne ya kuɓuce. Ya ce hannun bawan da aka 'yanta ba ya kuɓucewa, in ya kuɓuce kuwa ba aikin kaɗai zai rasa ba. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Abin da yake yi mata shi ne, kowace shekara ya dawo mata da tsumman da ya goge fitilar, kore shar da tsatsar tagulla. Takan shinshina shi ta ajiye a ƙasan akwati. Tsummoki suka taru, su biyun suka tsufa.

A shekarar da kunnenta ya fara nauyi, da aka sauke fitilar sai aka tarar ƙarfen da ke riƙe ta ta sama ya cinye, saura ƙiris ta faɗo kan masallata. Gyaran ba ya yiwuwa sai da wuta. Aka naɗe ta da barguna, 'yan dako suka sa ta a sanduna suna nishi, suka bi lunguna da ita suna ihun a ba da hanya, suka dire ta a shagon Faraji.

Da yamma ta ajiye masa gurasa da zaitun, ta zauna ta ƙi ci.

"Tsohon nan, kunnena ya kusa tafiya."

"Wa zai yi tafiya?"

"Kunnena na ce, kurman banza. Na dama ya riga ya mutu, na hagu ne ke ɗan motsi. Baɗi war haka ko a kaina aka buga ta ba zan ji ba."

Ya daɗe yana juya zaitun a kwano. Ya san wace ce "ta". Can ya ce ta zo shago gobe bayan azahar, ta biyo ta ƙofar baya kamar ta kawo abinci.

Dabararsa ba ta da laifi. Gab da azumi kowane gida kan kawo tukunyarsa gyara, dandalin kan ɗauki ƙara har haƙoran mutum su riƙa kaɗawa. A cikin wannan hayaniya, wa zai tsinci bugu ɗaya? Ya rufe ƙofar shago ya sa sakata, ya ja ƙararrawar da igiya ya rataye ta a azarar rufi, ya shiga kwance barguna da zobban kofuna ɗaya bayan ɗaya. Kusoshin sun ci tsatsa, aikin ya ja lokaci fiye da yadda ya zata. Marjana tana zaune a kan buhun gawayi, ta karkata kunnen hagu. Rabonta da kusantar ƙararrawar haka tun a bayan amalanke. Ta ga ashe ba ta kai girman da take tunawa ba. Ta shafa gefenta tana neman ko wani ɗan wuri ya fi haske, wai ko a nan ɗan kunnen ya narke, ta kuma san wauta take yi.

Sai dai maƙeran dandalin nan ba sa jin ladan, ba su taɓa ji ba. Tutar da ake ɗagawa a kan hasumiya in lokacin salla ya yi suke kallo. Wanda ya fara hango ta ya ajiye guduma, na kusa da shi ya ajiye, kafin ka ƙifta ido dandalin ya yi tsit. Faraji ya fi kowa sanin haka, amma ya rufe ƙofa, ya juya wa taga baya, ga kunnen da ya saba jin ƙara ko da babu ita. La'asar ta yi bai sani ba. Ya ɗaga gudumar katako, ya yi bismilla, ya sauke ta da iyakar ƙarfinsa a daidai lokacin da gudumar ƙarshe ta yi shiru a waje.

Sautin ya fita shi kaɗai. Ya ratsa ƙofa, ya cika dandali, ya gangara har wajen majema. Tattabaru suka tashi daga kan rufi.

Da farko Marjana ba ta ji daɗinsa ba. Ba haka take tsammani ba. Muryar ta dushe, tana da kaushi saboda hujin da aka yi mata, kamar ta tsohuwa mai mura. Har ta fara jin haushin shekarun da ta ɓata tana jira. Amma bugun ya wuce ya bar wani gunji mai tsawo yana raguwa, yana raguwa, sai ta tsinci kanta ta ɗaga kai tana sauraron abin da ke biyo baya, kamar yadda yaro ke yi in ya san wasa ya ƙare. Abin kuwa ya biyo. Ta ji mace a bakin ƙofa, da ɗan kunne ɗaya, tana jan ƙarshen suna da gajiya da ɗan faɗa.

Ba ta ankara da bugun ƙofar da ake yi ba. Wakilin masallaci ya zo da mutanen hisba. Faraji ya buɗe, ya sunkuyar da kai, ya ce yana duba ko ta tsage ne. Ba wanda ya yarda, ganin tsohuwa zaune a kan buhun gawayi hawaye na zuba. Furfura ta cece shi daga bulala, amma aka ɗauke ƙararrawar aka kai wa wani maƙeri, shi kuma aka ce kada ya ƙara sa hannu a fitilar masallaci har ya mutu. Aikin da yake taƙama da shi ke nan a duniya, wanda ya sa ake ce masa mu'allim maimakon bawan wane.

Bayan magariba suka hau soro. Bai yi mata ƙorafi ba, yana ta murza tafin hannunsa. Ita ce ta matso kusa da kunnensa.

"Oriya."

"Me?"

"Sunana ke nan. Oriya. Haka take kira na."

Ya gwada shi a bakinsa sau biyu, ya karkace, ta gyara masa, ya sake gwadawa har ya zauna. Ya ce ba laifi, ya fi Barumiya daɗin faɗi. Ta yi dariya, tana cikin dariyar ta dubi tsagun kuncinsa, sai dariyar ta tsaya. Tsawon zamansu tana kai masa kewarta safe da yamma, yana ɗauka, ba ta taɓa tambayarsa tasa ba. Kunya ta kama ta.

"Kai fa, tsohon nan? Me ake ce maka a can?"

Ya dubi kudu, inda ba abin gani sai duwatsu.

"Ke kin yi sa'a, an haɗo ki da kayan garinku. Ni kaɗai aka ɗauko."

Kafin sanyi ya zagayo kunnen hagun ma ya toshe. Faraji ya koma liƙin tukwane da butoci, yana yi yana tsaki. Daga ranar bai sake kiran ta da wani suna ba sai Oriya, da ƙarfi yadda ya saba, har 'yan unguwa suka ɗauka, ita kuma a leɓensa take karantawa ta amsa. Duk watan azumi tana zuwa sashen mata ta leƙa fitilar, amma ba ta daɗewa kamar da. In ayarin kudu ya sauka a gari, ita ce ke jan shi zuwa masauƙin fatake, ta tsayar da shi a gaban baƙi ta nuna kuncinsa, tana kallon bakinsu. Kowa ya duba sai ya girgiza kai. Har ta koma ga Allah sunansa na nan Faraji, don ba ta samo masa wani ba.