Rigar da Alhaji Tambari Ya Sa a Ƙarshe

Wata rana wani bawan Allah, mu kira shi Hambali don a rufa masa asiri, ya shiga shagon Baba Ilu tela yana taku ɗai-ɗai.

"Duk unguwar nan babu mai gane fim kamata," in ji shi. "Ku kallo kuke yi, ni karatu nake ɗauka."

Wani sabon fim ne ya tafi da shi. A ciki akwai attajiri, Alhaji Tambari, mai babbar riga da baƙin gilashi, wanda ba ya kallon ɗan'uwa sau biyu. Kirarinsa: "Wanda ya tsaya jan wani, shi ma a baya zai kwana."

Hambali ya haddace kirarin nan tsaf.

Tun safe ƙanensa Sagiru ke tasha, ya taho daga ƙauye da yaro ba lafiya, yana neman wurin sauka. Wayar Hambali na ta kuka a aljihu. Ya duba, ya kashe, ya maimaita kirarin.

Baba Ilu ya ga sunan Sagiru a wayar. Ya ci gaba da ɗinkinsa.

"Irin rigar Alhaji Tambari za ka ɗinka min," in ji Hambali.

"Ka dai kalli fim ɗin har ƙarshe ko?"

"Haba Baba! Ai in na rufe ido sai in karanto maka shi."

"To wacce kake so? Ta farko ko wadda ya sa a ƙarshe?"

Hambali ya gyara hula. "Ta ƙarshen mana. Ai ta fi aiki."

Baba Ilu ya tsayar da keke. Ya jawo farin yadi, ya shimfiɗa a gabansa.

"Likkafani ne, ɗana. Ba aiki, ba aljihu. Kuma sai da gawarsa ta wuni a soro ana neman masu ɗauka."

Ashe guntayen bidiyo kawai Hambali ya gani a waya, inda Alhaji ke fitowa daga mota ana kiɗa.

Wayar ta sake kuka.

"Ɗauki," in ji Baba Ilu. "Mai ɗaukarka ne ke kira."

Darasi: Mai fim yakan yi wa son kai ado ne don ka ga ranar da za a tuɓe masa. In a guntu ka tsaya, gargaɗi zai zame maka kirari.

Tura wa wanda ka san yana tashi kafin a gama fim.